Ƙa'idar Tsaya-Tukuna

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, da fatan hannun yana ƙara sakewa. Yaya, ɗanka, ya ce min tun da ciwon shanyewar nan ya same ka magana a waya tana gajiyar da kai, kuma likita ya ce ka riƙa rubutu da biro kullum don jijiyoyin su farka. Shi ya sa na ce bari in sama maka aikin yi. Ka yi haƙuri da rubutuna, rabon da in cika takarda da hannu tun ina makaranta. Mu nan lafiya lau. Goggo tana gaishe ka. Gwiwa ce ke damunta, amma bakinta yana nan daram, ko jiya sai da ta yi min faɗan rashin cin abinci.

Kawu, yau dai na kama ka. Ka san ofishinmu aka ba aikin haɗe bayanan asibitoci a sabon rumbu guda. Da aka raba aikin, ka san wanne ya faɗo hannuna? Asibitin yara, inda kuka yi aiki kai da Mamana, Allah ya jiƙan ta. Rumbun bayanan da ka gina da hannunka ne a gabana yanzu, tebur bayan tebur, kowanne jadawalin bayanai ne: na marasa lafiya, na magani, na gadaje, na sallama. Wallahi aikin ya yi kyau, har na riƙa nuna wa abokan aikina ina cewa ku zo ku ga aikin kawuna.

Sai dai sunayen ƙa'idojinka! Ina nufin dokokin nan da ke gadin kowane tebur, masu ƙin karɓar bayani in an shigar da shi ba daidai ba. Mu yanzu kwamfuta ce ke raɗa musu suna, daga sunan teburin da abin da suke tsarewa. Kai kuwa na lura sunan wanda ya nemi a sa ƙa'idar kake ba ta. Na ga likita_dogo, na ga baba_sito, har da mai_shara. Na sha dariya. Amma akwai wani tsaya_tukuna da ya kusa sa ni furfura. Duk teburin da na buɗe yana nan zaune yana jirana.

A tsohon rumbunka babu laifi, suna ɗaya yana iya zama a tebura da yawa muddin bai maimaitu a tebur guda ba. Sabon namu ba ya yarda. Suna ɗaya, ƙa'ida ɗaya, a rumbun gaba ɗaya. Ita kuma manhajar da ke kwaso kayan, in ta ga suna ya riga ya shiga sai ta ɗauka ta gama da shi, ta tsallake ba ta ce uffan ba. Ta ɗauko tsaya_tukuna ɗin da ta fara cin karo da shi ta watsar da sauran. Allah ya so ni na yi gwaji. Na rubuta wa yaro magani ban sa nauyinsa ba, rumbun ya karɓa ba musu. Gabana ya faɗi, Kawu. Da an buɗe shi haka da mun shiga uku.

Maganin abin a fili yake, zan share sunan duka in sa irin namu. Amma don Allah kafin nan gaya min, wane fitinanne ne wannan? Da gani ya hana mutane shan ruwa a asibitin nan.

Ka gaida Yaya da matarsa Anti da yara.

'Yarka,
Ƙaramar Injiniya

*

Ɗiyata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta zo, na ji daɗi. Jiki da sauƙi, alhamdulillahi. Ƙafar tana bina in na lallaɓa ta, hannun ne mai girman kai. Yana yin layi kaɗan sai ya ce ya tashi daga aiki. Ki ce wa Goggonki ina gaishe ta, ta rage wa gwiwar nan zirga-zirga.

Na jinkirta amsa, ba duka laifin hannun ba ne. Na karanta takardar na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Ni a zatona kin sani.

Fitinannen nan da kike tambaya mahaifiyarki ce.

A asibiti babu mai kiranta da sunanta. Daga likitoci har masu gadi, Tsaya-tukuna suke ce mata, don kalmar ba ta barin bakinta. Ga ta 'yar siririya, muryarta ƙasa-ƙasa, amma in ta ɗaga tafin hannu ta ce "tsaya tukuna" ko keken marasa lafiya sai ya ja birki. Ni da ita dangantakarmu sai an zauna ake warware ta, kakana da kakarta ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun ranar da ta gane haka ta riƙe ni ɗan'uwa, ta mai da ni ɗan aikenta.

Bari in gaya miki yadda ta farkon ta samu. Wata rana sikelin ɗakin yara ya lalace, ga layi har bakin ƙofa, iyaye mata suna ta mita. Aka ce a ƙiyasta nauyin da ido kawai a ba da maganin, tunda kowa ya saba. Uwarki ta saɓi yaron farko a kafaɗa ta nufi sito, ta ɗora shi a kan sikelin buhuna. Yaro na tsala ihu, Baba Sito na salati, ita ko a jikinta. Haka ta yi ta safa da marwa da yara har aka tashi. Da yamma ta shigo ɗan ɗakina, wanda ke bayan wurin karɓar kati, ta zauna a kan kwalin takardu ta cire takalmi. Ta nuna kwamfutar da haɓa ta ce, "Ɗan'uwa, wannan akwatin naka zai iya cewa a'a?" Na ce zai iya. Ta ce, "To koya masa, ni na gaji."

Na koya masa. Da ya tambaye ni sunan ƙa'idar ban yi wani dogon tunani ba. Daga nan kuma ta gano hanya, duk abin da ya dame ta sai ta zo ta zauna a kan kwalin.

Ki yi aikinki.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ƙarfin hannun? Goggo tana amsawa. Ni dai lafiyar jiki ƙalau.

A tsaye na karanta takardarka, a barandar ofis, ina shan shayi. Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Na shiga banɗaki na kulle, na yi kukan da rabon da in yi irinsa na manta. Ni na kira uwata fitinanne, da hannuna na rubuta, har da alamar tambaya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Me ya sa babu wanda ya taɓa gaya min? Ka san ina ƙarama ƙwarai ta rasu, dangin Baba suka ɗauke ni. Sun riƙe ni da amana, ba zan ce komai ba sai godiya. Amma in na tambayi Goggo wace irin mace ce Mamana, sai ta ce, "Mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙan ta," shi ke nan ta tashi ta shiga kicin. Hoto ɗaya gare ni, tana tsaye da fararen kaya ba ta ko murmushi. Ban san tana cire takalmi in ta gaji ba. Ni ma haka nake yi, Kawu, har tsiya ake min a ofis.

Na koma kan rumbun ina bin teburan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zagaya gidan da aka haife ta. Ga ta a kan magani, ga ta a kan gado, ga ta a ƙofar sallama. Ashe tun da na fara aikin nan tare muke wuni da ita ina ta yi mata tsaki. Yanzu kuma da na same ta, ni ce aka ba aikin share ta. Ban taɓa komai ba tun ranar. Shugabar sashenmu ta tambaye ni ina aka kwana, na ce mata ina kan bincike.

Na san ka yi fushi da ni. Ka rufe takardar da "ki yi aikinki", ba addu'a, ba tsokana, ko Ƙaramar Injiniyar da ka saba ba ka sa ba. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga, kowane karo sai in ji kamar ka juya min baya. Ka yafe min, wallahi ban sani ba.

Ga dabarar da na yi. Tunda maimaici ne rumbun ba ya so, zan sa musu lamba: tsaya_tukuna_1, tsaya_tukuna_2, har su ƙare. Kowanne ya zama daban, ita kuma tana nan ko'ina. Ban san ko Shugaba za ta yarda ba, amma in ka ce ya yi zan san yadda zan shawo kanta.

'Yarka

*

Ƙaramar Injiniya, Ƙaramar Injiniya, Ƙaramar Injiniya,

Ga shi har da na wancan karon, kin huta? Wa'alaikumus salam. Jiki alhamdulillahi, jiya na taka har bakin titi na dawo, sanda ce kawai ta san sirrina.

Kai, yaran zamani! Wane fushi? Hannun ne ya ajiye aiki a daidai nan. Na so in rubuta "ki yi aikinki da zuciya ɗaya, uwarki za ta fi kowa jin daɗi", sai yatsun suka ƙage. Na jira, suka ƙi. Mai kawo takarda kuma yana tsaye a ƙofa yana kaɗa makullin mota. Na sa hannu da ƙyar na miƙa masa. Da kin ga dariyar da na yi da na karanta "fitinanne" da ba ki ɓata hawayenki ba. Ai sunan da nake kiranta da shi ke nan a gaban idonta, ita kuma ta ce min sarkin lalaci.

Zancen lamba kuwa, a'a. Uwarki ba gadon asibiti ba ce da za a yi mata lamba. Wannan hujjar zuciya ke nan. Ga ta aiki: in ma'aikaciyar jinya tana sauri, yaro na numfashi sama-sama, allo ya ce mata an karya tsaya_tukuna ta bakwai, me ta gane? Sai ta nemo wanda zai fassara mata. A zamaninmu ni ne mai fassarar, ina bayan ƙofa, a leƙo a tambaye ni. Yanzu asibitoci da yawa ne a rumbu guda, babu wani Kawu a bayan ƙofa. Naku tsarin shi ne daidai: sunan ya faɗi teburin, ya faɗi abin da aka manta, kuma ba zai taɓa karo da wani ba. Ita kanta ta taɓa yi min ƙorafi. Ta ce, "Ɗan'uwa, ka ja min. Ko ina hutu a gida mutane suna jin haushina." Don in allo ya ƙi sai ka ji ana cewa Tsaya-tukuna ta hana, alhali tana can tana wanki.

Tunda kin ce ba ki san ta ba, ga wata. An taɓa kawo tagwaye, kamar an tsaga kara. Mai yin kati ya ga wahala ya ba su lamba ɗaya, wai ai tare za a riƙa kawo su. Aka yi wa ɗaya allura, uwar ta fita da su shan iska, ta dawo, aka rasa wanne aka yi wa. Uwar da kanta ta rikice. Mahaifiyarki ta tuɓe su duka biyun tana neman wurin allura da tocila, ta samu, ta ɗauko jan biro ta yi wa wanda aka yi wa ɗigo a tafin ƙafa. Ranar ko zama ba ta yi a kan kwalin ba. Daga bakin ƙofa ta ce, "Yaro ɗaya, lamba ɗaya. Koya masa." Bayan shekaru tagwayen suna zuwa gaishe ta, ta ce su nuna mata ƙafa.

Shawarata, ki sa wa kowace ƙa'ida sunan da ya dace da ita. In Shugabarku mai sauƙin kai ce, ki roƙe ta guda ɗaya tak. Suna ɗaya a wuri ɗaya ba ya karo da kowa. In ta ƙi, kada ki yi gardama. Allah ya yi miki albarka, ga addu'ar ma na sa tun hannun bai gudu ba.

Kawunki

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin labarin bakin titi, amma don Allah a riƙa tafiya da rakiya. Goggo ta ce in gaya maka tsufa ba a yi masa gardama, na ce mata ta fara gaya wa kanta.

Hankalina ya kwanta, har na yi dariya ni kaɗai a mota kan labarin tagwaye, mutane suna kallona.

Na je wurin Shugaba. Ka san irin matan nan da ke kallon mutum ta saman tabarau? Ita ce ta kafa dokar sunaye a ofishinmu, ta sa aka yi wata 'yar manhaja mai tantancewa, duk sunan da mutum ya raɗa da ka sai ta yi watsi da shi. Ta sha gaya mana cewa suna biyu iri ɗaya sun taɓa hana ta barci na sati, ba za ta sake yarda ba. Na shiga ina ta shirya jawabi a raina, ina buɗe baki sai komai ya watse. Na ce mata kawai, "Sunan mahaifiyata ne." Ta cire tabaran ta ce in zauna. Na ba ta labarin sikelin buhuna. Da na gama ta ce, "Shi ne kika yi ta ce min kina bincike?" Na sunkuyar da kai.

Ta yarda, Kawu. Guda ɗaya. Za ta sa shi da kanta a cikin waɗanda manhajar za ta ƙyale, da sharaɗin in rubuta bayani a jikinsa yadda duk wanda ya gani zai gane abin da yake tsarewa. Ta ce ƙarshen watan nan za a buɗe rumbun, ko na zaɓa ko ban zaɓa ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Wacce zan bari? Na zauna na tasa su a gaba, duk wadda na ce ita ce sai in ga kamar na ci amanar sauran. Kai ka san labarin kowacce, kai ka ga fuskarta ranar da ta zo da ita. Ka zaɓa min. Ka rubuta sunan teburin kawai ko hannun bai yarda da dogon zance ba.

'Yarka,
Ƙaramar Injiniya

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mai kawo takarda ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa babu komai. Na kira Yaya ya ce min "da sauƙi, da sauƙi" yana sauri, ka san shi, ko gida na cin wuta da sauƙi zai ce.

Wata ya kusa ƙarewa. Na gama komai, sunayen ne kawai suka rage. In tambayar da na yi maka ce ta yi nauyi ka ce min ta yi nauyi. In kuma kana ganin ban kyauta ba da na ɗora maka, shi ma ka faɗa. Shirun nan ne ba na so. Na yi alkawarin ba zan sake karanta fushi a inda babu shi ba, amma ka taimake ni, ina ta karanta shi a farar takarda.

'Yarka

*

Ƙaramar Injiniya,

Wa'alaikumus salam. Za ki ga rubutun ya yi kyau, kada ki ɗauka warkewa na yi. Antinki ce ke rubutawa ina faɗa. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ya tafi da ɗan ƙarfin da hannun ya tara, har sai da aka kwana da ni a asibiti. Ni na hana Yayanki ya gaya miki, don na san ki, da kin bar aikin kin taho. Yanzu na dawo gida, ina cin abinci, ina yi wa kowa faɗa, ki tambayi mai rubutun.

(Gaskiya ne, ƙanwata. Ya dawo da faɗansa cif. Kada ki damu, muna kula da shi.)

Na ce mata ta goge wannan ta ƙi. To.

Kin ce in zaɓa. Ina kwance ana ƙara min ruwa ina ta juya abin. Ba zan iya ba, ɗiyata. Ni a wurina ba ƙa'idoji ba ne, ranaku ne, kuma babu wadda zan ce a mayar. Amma akwai wadda ban ba ki labarinta ba, ita ce ta ƙarshe da ta kawo min. Ki ji ta, sannan ki yi abin da ranki ya ba ki.

Lokacin ciwo ya riga ya fara cin ta. Ta rame, kayan aikin sun yi mata yawa, amma ta ƙi zama a gida. An kwantar da wani yaro a ɗakinsu, wanda ya kawo shi ya ce bari ya je ya dawo, bai dawo ba. Yaron ya warke sarai, aka zo sallama, aka duba kati, gurbin wanda ke tsaya masa babu komai. Babu wanda za a kira. Kullum in an buɗe ƙofar ɗakin sai ya ɗaga kai ya duba. Daga baya an gano danginsa, amma an sha wuya.

Ta shigo ɗakina da ke a goye. Ta sauke ki, kika nufi wayoyin bayan kwamfuta kai tsaye, ina kare su da ƙafa. Ta zauna a kan kwalin ta daɗe tana mai da numfashi. Sannan ta ce kada akwatin ya sake karɓar yaro in ba a rubuta wanda zai tsaya masa ba. Na ce mata wannan ba za ta yiwu ba. Yaron da aka tsinta fa? Wanda aka kawo a guje daga haɗari fa, a bar shi a ƙofa har sai an samo suna? Ta ce, "Wa ya ce a bar shi? Wadda ke bakin aiki ta rubuta nata sunan. In babu kowa a rubuta nawa." Na ce nauyi ne fa. Ta ce, "To da ma me muka zo ɗauka?"

Haka aka yi. Har na bar asibitin, in an kawo yaro ba kowa, wadda ta karɓe shi ita ke sa sunanta, kuma ita ke binsa har ya fita. Ban sani ba ko suna yi har yanzu. Ranar dai tana magana idonta yana kanki, kina ta fama da igiyar takalmina. Ba ta ƙara zuwa da wata ƙa'ida ba.

Antinki ta tsaya tana share ido, ni kuma murya ta gaji. Ke ce 'yarta, zaɓin naki ne. Duk wadda kika bari ta yi. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawuna,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ni da kai da Yaya akwai zama, ɓoye min ciwo ba zai sake faruwa ba. Na karɓi hutu, ina nan tafe da zarar an sallame ni, Goggo ma ta ce ƙafarta ƙafata ko gwiwar za ta tsinke. Anti, na gode da rubutu, Allah ya bar zumunci.

An buɗe rumbun, komai ya tafi lafiya.

Kafin nan na kira asibitin na tambayi babbar ma'aikaciyar jinya ko har yanzu suna sa sunansu in yaro ba shi da kowa. Ta ce, "Ƙwarai kuwa, ai haka muka tarar." Na ce ko ta san wanda ya fara? Ta ce wallahi ba ta sani ba, ita dai da ta zo haka aka koya mata. Na gaya mata. Muka daɗe a waya, har ta ce in na samu lokaci in kawo musu hoton.

Sauya sunayen aikin ɗan lokaci ne in an bar wa manhaja, dannawa ɗaya ta gama. Ban bar mata ba. Na zo da safe na cire takalmi, na bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya. In buɗe ƙa'ida, in karanta abin da take tsarewa, in goge sunan Mamana in sa sabo, in gwada in ga tana aiki. Ta nauyin yaro ta koma magani_nauyi_dole. Ta tagwaye ta koma kati_lamba_ɗaya. Sunaye ne masu kyau, kowa ya gani ya gane, babu wanda zai yi karo da wani har abada. Amma kowanne na goge sai na ji shi a ƙirjina. Abokin aikina da ke kusa da ni ya ga abin da nake ciki, ya turo min kwalin tishu.

Ta ƙarshen na bari, ta teburin karɓar yara. Na rubuta bayani a jikinta kamar yadda Shugaba ta ce: ba a shigar da yaro sai da wanda zai tsaya masa, in babu kowa ma'aikaciyar da ke bakin aiki ta sa sunanta.

Saura gwaji. Na buɗe rumbun gwaji, inda muke shigar da sunayen ƙarya. Ban san abin da ya hau kaina ba, a gurbin yaro na rubuta sunana. Na bar gurbin mai tsaya masa babu komai, na danna. Allon ya ƙi. Ga shi nan da jan rubutu, tsaya_tukuna.

Kawu, tun da na yi wayo uwata ba ta taɓa hana ni wani abu ba sai ranar nan. Na sake dannawa, ta sake hana ni. Na sake. Ina kuka ina dariya ina dannawa kamar wata sabuwar kamu. Shugaba ta leƙo ta ce gwajin ya yi? Na ce ya yi, ina ƙara tabbatarwa ne. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ja min ƙofar.

Da na gaji na tsaya ina kallon gurbin. Na san ba za ta bar ni in wuce ni kaɗai ba ko zan kwana ina dannawa. Na rubuta sunanka, Kawu. Ta bar ni na wuce.

'Yarka,
Ƙaramar Injiniya